Ci-ranin da ba ya da damina: ma'anar "gida" a fim ɗin Yamina Benguigui

A Hausa kalmar "gida" tana ɗauke da ma'ana aƙalla uku: ginin da ake kwana ciki, iyalin da ke cikinsa, da kuma ƙasar da aka binne cibiyar mutum. Fim ɗin Mémoires d'immigrés (1997) ya nuna abin da ke faruwa idan ma'anonin nan suka rabu. Fim ne na labarin gaskiya, wanda Yamina Benguigui, haifaffiyar Lille ɗiyar ƴan Aljeriya, ta shirya game da mutanen Aljeriya, Maroko da Tunisiya mazauna Faransa. Ta kasa shi uku: iyaye maza, iyaye mata, sai ƴaƴa. Babu muryar mai sharhi. Masu labarin ne ke magana da bakinsu.

Kashi na farko ya fi sauran ƙarfi. Mazan nan an kwaso su ne domin masana'antun mota da ramukan haƙar gawayi, suka zauna a ɗakunan gwauraye da unguwannin bukkokin kwano irin na Nanterre. A tunaninsu ci-rani suka zo. Amma ɗan ci-rani damina ce ke mayar da shi gona, su kuwa tasu daminar ba ta faɗi ba. Benguigui ta jera maganarsu da ta tsofaffin jami'an da suka ɗauko su, waɗanda ke bayanin yadda ake zaɓen leburori cikin natsuwa, tamkar masu tuna cinikin kara. Ba ta tanka musu ba, kuma shirun nata ya fi zargi ciwo.

Faransa ta tsayar da shigowar leburori a 1974, dokar 1976 ta tsara zuwan iyali, sannan a 1977 aka yi tayin faran 10,000 ga wanda zai koma. Matan da suka biyo mazajensu sun sami ɗaki, sun rasa dangi. Ƴaƴan kuwa an raine su da zancen komawa wata ƙasa da ba su sani ba sai lokacin hutu. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To wanda aka haifa a waje fa, me ya bari?

Akwai abin dubawa ga ɗalibin harshe. Galibin hirarrakin da Faransanci aka yi su, Larabci da Kabilanci sun fi fitowa a waƙoƙi, irin na Slimane Azem da Dahmane El Harrachi. Wato harshen uwa ya koma na begen gida, ba na bayani ba. A nan ma raunin fim ɗin yake: sau da yawa kiɗa kan shigo ya matsa wa mai kallo ya yi hawaye, alhali fuskar dattijon da maganarsa ta sarƙe ta wadatar.

Rabon kashi uku ma yana da tsadarsa. Kowane rukuni shi kaɗai yake ba da shaida, ba a cika jin uba da ɗansa suna musayar magana ba. Mai yiwuwa da gangan ne, domin ƴaƴan sun taso ba su ji labarin nan daga bakin iyayensu ba.