Ɗinkin da Ya Tare Kibiya

Allura ƙaramar aba ce, amma a ƙasar Gwandu ta taɓa shiga sahun kayan yaƙi. Kafin barde ya hau doki ya tunkari maharba, sai wani bawan Allah ya zauna a zaure, ya miƙe ƙafa, ya kwashe makonni yana harhaɗa ƙyallaye da hannu, yana shimfiɗa auduga, yana bin ta da zare layi-layi. Abin da ke fitowa daga hannunsa shi ne lifidi. Ni dai ban san wani ɗinki a ƙasar Hausa da aka ɗora wa amana irin wannan ba. Maɗinkin riga in ya yi kuskure, kunya ce kawai a bainar jama'a. Kuskuren maɗinkin lifidi kuwa rai yake ci.

Sana'ar ta daɗe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Bayan jihadi Gwandu ta zama cibiyar yammacin daular Usmaniyya a hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 tana gwabzawa da Kabawa. A irin wancan yaƙi abin tsoro shi ne kibiya mai dafi, wadda ba sai ta nutse ba, ƙwarzane kaɗan ya isa. Don haka aikin lifidi shi ne ya shanye ƙarfin kibiyar, ya riƙe tsininta cikin auduga tun kafin ya taɓa fata. Baturen nan Clapperton, da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, ya ga 'yan lifidi da idonsa, ya kuma rubuta cewa saboda kaurin kayan sai an cicciɓi mahayi kafin ya hau.

To, ina aka samo hannun da ya iya wannan? Daga bakin masaƙa. Masaƙar maza ta gargajiya ba ta fitar da ƙyalle mai faɗi, sai sawaye siriri, wani ma bai kai tafin hannu ba. Ke nan babbar riga, da zane, da gwado, da luru, duk haɗe-haɗe ne tun asali. Kuma Gwandu ba baya ba ce a nan. Wani Bature, Barth, ya sauka garin a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya yaba ingancin sawayen da ake saƙawa a can, ko da yake ya ce rininsu bai kamo na Kano da Nupe wajen sheƙi ba. Ya ƙara da cewa ana neman tufafin Gwandu har Liptako. Garin da ke saƙa sawaye haka dole ya tara masu haɗa shi.

Haɗin sawaye a ido kamar wasa. Maɗinki zai jera baki da baki, ya maƙale bakin ƙyallen da babban yatsan ƙafarsa don ya miƙe, ya riƙa ɗaukar zare ɗaya ko biyu daga kowane gefe, ɗinki ƙanana a jere kamar tafiyar tururuwa. In ya gama ya buɗe, ya bi da farce, sai wurin ya kwanta lumui, ka shafa ba ka ji tudu ba. Wahalar tana wajen ja. Hannu yakan ja na sama fiye da na ƙasa ba tare da mai shi ya sani ba, sai an kai ƙarshe a tarar ɗaya ya ɗara ɗaya da rabin taƙi. A kan farin ƙyalle ana iya ɓoye wannan. A kan saƙi babu maɓoya, domin zanen zai karkace, kowa ya gani.

Wannan hannun ne ake kaiwa ga fuskar lifidi, inda ake haɗa ja da fari da baƙi da shuɗi, wasu masu kusurwa huɗu, wasu masu kusurwa uku. Kayan aikin ba su da yawa: allura, basilla, almakashi, alli, ɗan kakin zuma, da guntuwar fata da ake ɗaurawa a yatsa don tura allura. Da farko akan yanka ma'auni guda daga fata ko kwali, a ɗora a kan ƙyalle, a zagaye da alli, sannan a yanka ana barin ɗan sarari a bayan layin, wanda shi ɗinki zai ci. Duk gutsuren da za a yanka daga ma'aunin nan guda zai fito. Wanda ya ce zai yanka da ido, zai gane kurensa a layi na uku.

Mai kusurwa uku shi ne mai gardama. Gefensa mai tsawo an yanke shi ne a karkace, ba bisa tafiyar zaren saƙa ba, saboda haka da an ɗan ja shi sai ya miƙe ya yi baki kamar tsohuwar hula. Gwani ba ya jan sa ko kaɗan. Yakan haɗa biyu fuska da fuska, ya kafe ƙarshen nan da na can tukuna, sannan ya cike tsakiya. Yana loda ɗinki uku ko huɗu a kan allura kafin ya zare ta, kuma bayan kowane 'yan taki sai ya koma baya sau ɗaya ya ɗaure, yadda ko zare ya tsinke wata rana ba zai warware gaba ɗaya ba. Zaren ma ba ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, an goga masa kaki don kada ya ƙulle ko ya yi gashi. Biyu su zama murabba'i, murabba'ai su zama layi, layi ya haɗu da layi. Inda nake tsayawa in duba aikin mutum shi ne mahaɗar da tsini huɗu ko takwas suka taru. In sun haɗu a ɗigo guda, babu wanda aka datse wa kai, to mai aikin ya ci sunansa.

Sai shimfiɗa. Shafi a ƙasa, auduga a tsakiya, fuska a sama. An fi son audugar rimi saboda rashin nauyi da kuma yadda ba ta saurin shan ruwa, sai dai tana da santsi, ba ta kama jikinta kamar audugar gona. In ba a tsare ta ba, doki na yin sukuwa biyu za ta gangara ta taru a ƙasa, ta bar ƙirji fayau. Wannan ne dalilin layukan da ake gani a jikin lifidi: kowane layi shinge ne. Ana farawa daga tsakiya a nufi gefe, don iska da rarar ƙyalle su sami hanyar fita, basilla tana shiga a miƙe ta fito a miƙe. In ta shiga a kwance, shafi da fuska za su zame wa juna.

Tazarar layukan kuwa babu ma'aunin da zai faɗa maka ita. In suka matsu, audugar ta danne ta yi tauri kamar allo, kaurin da ake nema ya tafi. In suka yi nisa, ta tattare wuri guda. Maɗinki da yatsunsa yake aunawa, yana matsawa yana saki, kuma yana tuna cewa abin a jikin dabba mai gudu za a sa shi, dole a bar wa kafaɗar doki wurin motsi. Na mahayi ma kashi-kashi ne: bantan lifidi na kare ƙugu da cinyoyi, safa ta rufe gangar jiki, kwalkwali a ka. Babban maƙiyin lifidi wuta, domin audugar rimi ba ta da haƙuri da tartsatsi.

Bindigar Turawa ce ta kashe amfaninsa a fagen fama, musamman bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Amma hawan Sallah ya riƙe shi, kuma har yau 'yan lifidi na fitowa a jerin gwanon manyan masarautu. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin da ke damuna shi ne ana ɗaukar hoton doki da mahayi, ba a tambayar wanda ya ɗinka. Keken tela na gida kuwa ba zai iya haɗiye kauri irin wannan ba, aikin na hannu ne.

Ƙanwar wannan sana'a tana nan cikin gidaje. A ƙauyukan Gwandu da Kalgo, irin su Cheberu, inda sanyin hunturu ke ratsa ɗaki da asuba, uwa takan ninka tsofaffin zannuwa biyu ko uku, ta yi wa inda ya mutu maho da ƙyallen da ya rage wajen tela, ta bi da allura, ta sami abin shimfiɗa wa jariri ko na lulluɓa yara. Matan Bangladash ma haka suke yi da tsofaffin tufafinsu, suna kiran sa kanta, kuma nasu ya zama haja har a kasuwannin Turai. Namu ko suna ba mu cika ba shi ba, sai mu ce tsumma.

Ina roƙon masarautar Gwandu da sauran masarautunmu su nemo masu wannan ɗinki da suka rage, su zaunar da yara kusa da su. Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai mu hawan Sallah, ka matsa kusa da dokin ɗan lifidi, ka dubi mahaɗar ƙyallayen nan da kyau, sannan ka tambayi wanda ya ɗinka.