4.3 Sharhi a Kan Soke Koyarwa da Harshen Uwa

A wannan sashe za a duba hujjar da Gwamnatin Tarayya ta kafa wajen soke koyarwa da harshen uwa. Tun a shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa, ko na yankin da suke zaune, a azuzuwan farko na firamare. A 2022, zamanin Minista Adamu Adamu, aka faɗaɗa tanadin ya game shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuwa, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke shi, bisa dalilin yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO a yankunan da suka rungumi tsarin.

A ganin mai wannan nazari, hujjar tana da rauni. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, balle ya zauna jarrabawar kammala sakandare. Ke nan an yanke wa tsarin hukunci da sakamakon ɗaliban da ba su biyo ta cikinsa ba.

Haka kuma, hujjar ta ci karo da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekaru shida ba su gaza takwarorinsu ba, ko da a darasin Ingilishi. Sai dai a can an fara tanadar littattafai da horar da malamai tukuna, abin da tsarin 2022 bai samu ba kafin a soke shi.