Littafin Corky Bell da Gardamar Gwangwanin Baƙin Mai

A garejin wani bakanike da na daɗe ina kai wa mota na fara ganin abin da idona. Ya kwance bututun iska na wata Mercedes C200 Kompressor 'yar Kwatano, ya zura yatsa ciki, ya fito da shi sharkaf da baƙin mai. Mai motar ya ce, "Oga, me ya kai mai hanyar iska?" Bakaniken ya ce, "Alhaji, numfashin inji ne. Wasu gwangwani suke sa masa ya tare." Nan gardama ta kaure tsakanin waɗanda ke zaune a benci. Wasu suka ce da abin yana da amfani, da kamfani ya sa tun daga Jamus. Wasu suka ce duk inji mai sufacaja da ba shi da gwangwanin nan yana shan guba ne a hankali. Da na koma gida sai na ɗauko wani littafi da na daɗe ban buɗe ba, na sake karanta shi da wannan tambaya a raina.

Sunan littafin Supercharged!, na Corky Bell, injiniya ɗan Amurka da ya shafe shekaru yana ƙera kayan ƙara wa inji ƙarfi a jihar Texas. Kamfanin Bentley Publishers ne ya buga shi a 2001, shekara huɗu bayan ɗan'uwansa Maximum Boost, wanda ya yi a kan turbo. Ba littafin gwangwani ba ne, littafin sufacaja ne gaba ɗaya: yadda ake zaɓenta, yadda ake ɗaura ta, yadda ake gwada ta. Amma ya ba ni ma'aunin da na raba gardamar garejin da shi, kuma wannan ne dalilin da nake yaba masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne Bell ba ya ruɗuwa da ƙarfin doki. Mai sha'awar mota yana son ya ji lamba babba, shi kuwa kullum sai ya dawo da kai kan zafi. Sufacaja famfo ce da bel ke juyawa daga inji, tana cusa iska fiye da yadda inji zai shaƙa da kansa. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, iska mai zafi kuma tana sa fetur ya fashe da kansa cikin silinda, ba bisa tsarin wutar fulogi ba. Wannan fashewar ce ke ba da ƙarar ƙaf-ƙaf idan an taka totur a hawa. Ba ita ce "nokin" da makanikanmu ke faɗa idan inji ya ƙafe ba, amma tana ɗaya daga cikin hanyoyin da ke kaiwa can, domin tana cinye kan fistan tana fasa ringi. Littafin yana bin nau'o'in sufacaja uku da wannan ido: irin ta Roots, wadda asalinta famfon hura wutar narka ƙarfe ne da wasu 'yan'uwa biyu a Indiana suka yi wa rajista a 1860, da mai murɗaɗɗun sanduna biyu, wadda ake dangantawa da Alf Lysholm na Sweden, da mai farfela, wadda ta yi kama da rabin turbo. Ga kowacce tambayarsa ɗaya ce: nawa za ta ba ka iska, nawa za ta ƙara maka zafi?

Lissafinsa kuma ba ya fin ƙarfin wanda ya gama sakandare. Na gwada hanyar da yanayinmu. A ce ranar Afrilu ce a Kano ko Sakkwato, zafi ya kai digiri 40, sufacaja ta matse iska ta ƙara rabin matsinta. Da famfo marar asara ne, da zafin zai ƙaru da kamar digiri 38. Idan aka ɗauka ingancin tsohuwar Roots kashi 55 ne cikin ɗari, ƙarin ya kusa digiri 70, wato iska ta haura digiri 100 kafin ta isa na'urar sanyaya ta. Wanda ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya ba zai sake raina wannan na'ura ba.

To ina baƙin mai ya shigo? Duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, wani ɓangare na hayaƙin yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara cikin inji, inda mai yake. Dole ya sami mafita, in ba haka ba ya tura mai ta kowace kafa. A da, bututu kawai ake sakawa ya zubar da shi a titi. Daga motocin 1961 a California aka fara mayar da shi hanyar iska don inji ya ƙona shi, sauran duniya ta bi. Hayaƙin nan ba shi kaɗai yake fita ba, yana ɗauke da feshin mai da tururin ruwa da fetur da bai ƙone ba. Inji mai sufacaja matsin silindarsa ya fi yawa, saboda haka numfashin nasa ya fi yawa. A motoci da dama bututun yana shiga ne gabanin sufacaja, sai feshin ya ratsa ta, ya je ya kwanta a kan siraran ƙarafan na'urar sanyaya iska, ƙura ta manne masa. Wanda ya wuce ya shiga silinda kuma yana rage wa fetur juriya, domin baƙin mai ya fi fetur saurin kamawa da kansa. Kwamfutar mota idan ta ji ƙarar fashewa sai ta ja lokacin wuta baya don ta kare inji, ƙarfi ya ragu, mai mota ya yi ta mamakin inda ya tafi.

A nan ne ma'aunin Bell ya yi mini aiki. Gwangwanin ba ya ƙara doki ko ɗaya. Tukunya ce ƙarama da ake sawa a tsakiyar bututun numfashi, mai shinge ko raga a ciki, feshi ya bugi shingen ya diga ƙasa, iska ta wuce. Abin da yake yi shi ne ya kare tazarar da ke tsakanin inji da fashewa, tazarar da littafin ya nuna zafi yana cinyewa. A ƙasar da gidan mai ke ba ka zaɓin fetur mai oktan sama, tazarar tana da faɗi. A nan kuwa galibi fetur iri ɗaya ne a famfo, ga zafin rana, ga ƙurar hunturu da ke cin ringi idan matatar iska ta tsufa, ga motoci da sun ci dogon zango kafin su iso mana. Ra'ayina shi ne ga irin wannan mota gwangwani mai shinge na ƙwarai ya cancanci kuɗinsa. Masu cewa da yana da amfani da kamfani ya sa, sun manta cewa kamfani yana sa nasa mai raba mai da iska a cikin murfin inji, wanda ke mayar da man ƙasa da kansa. Abin da kamfani ke gudu shi ne ya ɗora wa mai saye aikin zubar da tukunya.

Wannan gudun kuwa yana da hujja. Gwangwanin da ya cika ba a zubar ba, inji zai zuƙe abin da ke ciki gaba ɗaya. Wanda aka haɗa da siririn tiyo ko ya toshe yana tara matsi a cikin inji har mai ya fara tsiyaya ta gasket. A ƙasashen ƙanƙara ruwan ciki yana daskarewa ya toshe hanya, mu dai an ɗauke mana wannan. Wanda babu komai cikinsa, fanko kawai, kaɗan yake tarewa. Kuma idan tukunya tana cika cikin 'yan kwanaki, labari take ba ka cewa ringi ya ƙare, aikin inji ne ya taso.

Inda littafin ya gaza, shekaru ne suka kayar da shi. Lokacin da ya fito, yawancin injinan fetur suna fesa mai ne a bayan bawul, fetur yana wanke bawul ɗin kullum. Fesawa kai tsaye cikin silinda, wadda Mitsubishi ta fito da ita kasuwa a 1996, ba ta yaɗu ba tukuna. Yau injin 3.0 TFSI na Audi da 5.0 na Range Rover mai sufacaja da LT4 na Corvette Z06 duk haka suke. A irinsu babu fetur da ke taɓa bayan bawul, sai feshin mai ya gasu a wurin ya zama gawayi. Gwangwani yana rage wannan, ko da yake ba ya hana shi ƙurmus, domin wani man yana zuwa ta wata hanya. Hellcat na Dodge mai doki 707 da yawancin Kompressor ɗin da ke titunanmu suna fesawa ne a bayan bawul, don haka su damuwarsu ta na'urar sanyaya iska ce da fashewa. Wannan bambanci yana cikin manyan abubuwan da ke yanke hukunci kan gwangwani a yau, kuma mai karatu sai ya nemo shi a wani wuri. Haka ma hukuncin littafin kan zafin Roots: kamfanin Eaton ya fito da samfurin TVS mai haƙora huɗu bayan an buga shi, wanda ya rage giɓin da ke tsakanin Roots da sauran nau'o'in sosai. Sannan ma'aunansa na Amurka ne, inci da Farenhait, sai ka riƙa juya su da biro a hannu, kuma Turanci ne zalla, wanda zai tsare makanikai da yawa a bakin ƙofa. Na so a ce wani malamin kwalejin fasaha ya zauna ya rubuta irinsa da Hausa, da misalan motocin da ake kwancewa a Ƙofar Ruwa da Panteka.

Bayan mako biyu na koma garejin da littafin a hannu, muka zauna da bakaniken ina fassara masa lissafin zafi yana zana shi a bayan kwali. Motar Alhaji tana nan. Bakaniken ya riga ya auna matsin silindoginta ya same shi daidai, ya canza wani tiyon numfashi da ya tsage a ƙarƙashi, ya wanke na'urar sanyaya iska, sannan ya ɗaura gwangwanin a inda hannu zai kai ba tare da an kwance komai ba. Ya ce wa mai motar, "Alhaji, duk ranar juyen mai ka tuna mini mu buɗe shi, mu ga abin da ya tara."