Giɓin da ke cikin ƙudurin Makka kan dashen ƙwayoyin tushe

Ƙudurin Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa na 2003 a Makka ya halatta ɗibar ƙwayoyin tushe daga baligi da izininsa, da daga mabiyiya da cibiya, ya kuma haramta na cikin da aka zubar da gangan. Ya kyautata wajen tantance mafari, sai dai hankalinsa ya tsaya a nan. A gwajin Jami'ar Keio ta Japan da aka bayyana a 2025, biyu kacal cikin masu raunin laka huɗu suka samu ƙarin motsi. Idan manomin Fulatan zai sayar da gonarsa bisa alkawarin ɗansa zai miƙe, mas'alar ta koma babin garari, kuma wajibin malamai ne su sanar da shi. Wallahu a'alamu.