Barakah Da Bibi, Da Samarin Da Fim Ɗin Bai Gani Ba

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna a Jidda ko da na shekara guda ne, ya san garin kashi biyu ne. Akwai arewa mai faffaɗan tituna da shagunan alfarma, akwai kuma kudu inda talakawa da baƙi suka daɗe suna zaune, ciki har da Hausawan da ake kira Takari. Da wannan rabuwa a raina nake son in yi sharhi a kan fim ɗin Barakah Yuqabil Barakah, wanda Mahmoud Sabbagh ya shirya, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Balin, a ƙasar Jamus, cikin shekarar 2016.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Barakah, wanda Hisham Fageeh ya fito a matsayinsa, ƙaramin ma'aikacin baladiya ne, ɗan unguwar talakawa. Bibi kuwa, wato Fatima AlBanawi, 'yar riƙo ce a gidan masu hali, ta yi suna a Instagram. Suna son juna, amma duk faɗin Jidda sun rasa inda za su zauna su yi magana ba tare da fargabar 'yan Hai'a ba, wato hukumar da ta yi kama da Hisbarmu ta Kano. Fim ɗin ya ci yabo a nan, domin ya mayar da abin takaici abin dariya ba tare da ya raina mutanensa ba. Ko wurin da Barakah yake gwajin fitowa a matsayin mace a wasan Hamlet, saboda ba a yarda mata su hau dandamali ba, ya isa ya nuna yadda aka raba samari da 'yanmata.

Gaskiya ne taurarin biyu sun wuce shekarun tashen balaga, amma matsalar da suke ciki tun daga shekara 14 ko 15 take farawa. Masana zamantakewa sun daɗe suna muhawara a kan wannan mataki na rayuwa. A 1904 Stanley Hall na Amurka ya ɗauke shi lokacin rikici da halitta ta ɗora wa kowane yaro. A 1928 Margaret Mead ta yi rubutu a kan 'yanmatan tsibirin Samowa, ta ce tsarin al'umma ne yake ƙara rikicin ko ya rage shi. An soki binciken nata daga baya, amma tambayar da ta tayar tana nan: wane wuri al'umma ta tanadar wa saurayi da budurwa?

Bahaushe ya amsa wannan tambaya tun da daɗewa. Ya ba su zance a zaure ko a ƙofar gida, bayan an nemi izinin iyaye, ga ƙanen yarinya yana kai-da-kawo, ga maƙwabta suna gani. Tsarin yana da nasa aibin, kamar yadda Balaraba Ramat Yakubu ta nuna a Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire yarinya daga makaranta aka yi mata auren dole. Duk da haka akwai wuri, akwai kuma ido. A Jiddar da fim ɗin ya zana babu wurin, shi ya sa samari suka koma jefa lambar waya ta tagar mota, daga baya aka koma Snapchat, inda babu ƙane babu maƙwabci.

To, ga inda nake ganin fim ɗin ya gaza. Ya ɗauka cewa da za a buɗe wuraren shaƙatawa, da matsalar samarin Jidda ta ƙare. An kuwa buɗe. A watan Afrilu na 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannun Hai'a, a 2018 aka dawo da gidajen sinima aka kuma bar mata su tuƙa mota, a ƙarshen 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar maza da ta iyali. Barakah da Bibi sun samu abin da suke nema. Amma yaron Bahaushe da aka haifa a Karantina ko Sabil, wanda uwarsa ta zo Umra ta zauna ba igama, me ya samu?

Dokar Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don an haife shi a nan. In iyaye ba su da takarda, shi ma ba shi da ita, kuma ƙofar makarantar gwamnati da ta aikin yi a rufe suke a gare shi. Ko masu igamar ma, daga Yulin 2017 aka ɗora musu kuɗin zama na riyal 100 a wata a kan kowane mutum na iyalinsu, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Daɗin daɗawa, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsofaffin unguwannin kudu da dama, har da Karantina da Sabil da Gulail, jama'ar da ta san juna ta watse.

Ku dubi abin da wannan yake nufi ga soyayyar ɗan shekara 17. Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, amma ba zai iya neman 'yar gari ba. In ya nemi 'yar'uwarsa Batakara, auren da za a ɗaura ba zai shiga rajistar hukuma ba, 'ya'yan da za a haifa su ma su gaji rashin takarda. Kowace rana ana iya kama ɗayansu a kai shi Shumaisi, daga can sai Kano, garin da bai taɓa gani ba. Yarinya kuwa, da yake babu makarantar da za ta riƙe ta, aure da wuri ko talla ne a gabanta. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan yara da ya samu murya a fim ɗin, alhali zaman Takari a ƙasar Hijaz ya girmi ita kanta masarautar da aka kafa a 1932.

Ba na cewa dole Sabbagh ya ba da labarinmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake cewa shi ne, kada mu kalli fim ɗin mu ɗauka mun san samarin Jidda. Mu da muke jin Hausa da Larabci, muke kuma neman batun da za mu rubuta kundin digiri a kansa, mu ne muka fi kowa damar zama da waɗannan yara mu ji ta bakinsu. Marubutan Kano da 'yan fim ɗinmu su ma sun sha nuna Saudiyya a matsayin inda ake zuwa a dawo da haƙorin Makka, sun manta da waɗanda aka haifa a can. Lokaci ya yi da za a rubuta nasu labarin. Allah Ya shirya mana zuri'a, a gida da waje.