Ƙiba a kan Ma'auni: Sharhi kan Shirye-shiryen Talabijin da Matsalar Zaɓen Kalma

1. Gabatarwa

Lokacin da nake tattara sunayen sassan jiki da na cututtuka a Ɗan Kassari, cikin ƙasar Arewa, wani ɗalibi ya miƙo mini wayarsa a wata fada ta samari. A ciki akwai guntun wani shirin talabijin na Amurka: an ɗora wata mace a kan ma'auni, likita yana karanta lamba, ita kuwa tana kuka. Samarin suka yi ta dariya. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta leƙo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da harshen Arewa: "Wagga ba ƙiba ba ta, ciwo na." Wannan jumla ce ta jawo sharhin nan. Manufarmu ita ce mu duba yadda irin waɗannan shirye-shirye suke gina labarinsu, da abin da suke bari a baya, da kuma darasin da ke ciki ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

2. Shirye-shiryen da ake magana a kansu

Irin shirin nan shi ne Faransawa ke kira téléréalité, wato shirin da ake ɗaukar mutane na gaske cikin zamansu na yau da kullum, ba ƴan wasa ba. Biyu daga ciki sun fi shahara a kan batun ƙiba.

Na farko shi ne The Biggest Loser, wanda tashar NBC ta fara nunawa a 2004. Gasa ce da aka yi a da: a lokacin ana tara masu nauyi, a sa su motsa jiki mai tsanani da ƙarancin abinci, ana auna su kowane mako, wanda ya yi nasara ya karɓi dala 250,000. Sunan shirin kansa harshen damo gare shi, domin a Ingilishi kalmar ƙarshe tana nufin wanda ya zubar da abu, tana kuma nufin kasasshe, wanda bai tsinana kome ba. Tun daga suna ke nan an haɗa yabo da ba'a.

Na biyu shi ne My 600-lb Life, na tashar TLC, wanda ya fara a 2012. Ma'anar sunan ita ce rayuwar mai nauyin laba 600, wajen kilo 272. Ana bin mutum ɗaya tsawon shekara guda, daga gidansa zuwa birnin Hustan na jihar Teksas, wurin likitan fiɗa Younan Nowzaradan, haifaffen ƙasar Iran.

3. Yadda ake gina labarin

Wanda ya kalli kashi uku ko huɗu na shiri na biyu zai lura cewa tsarinsa kafaffe ne kamar na tatsuniya. Galibi ana buɗewa da wanka, jikin mutum a fili, na'urar ɗaukar hoto tana bin kowane lanƙwashi na fata. Daga nan sai cin abinci, a matso da hoton baki da hannu. Sai doguwar tafiya zuwa asibiti. Sai ma'auni, inda likita ke gindaya sharaɗi: a bi tsarin abinci na kalori 1,200 a yini, a zubar da kilo kaza kafin a yarda a yi fiɗa. Wanda ya cika sharaɗi ya samu fiɗa, wanda ya kasa ya sha faɗa.

Abu biyu ya kamata mai nazarin harshe ya lura da su. Na ɗaya, sunan shirin yana ɗauke da mallaka ta mai magana, "rayuwata", amma hukuncin ƙarshe ba a bakin mai rayuwar yake ba; yana bakin likita da lambar ma'auni. Na biyu, an taƙaita shekara guda cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma mai tace hoto ne ke zaɓen abin da zai shiga. Kuka da gardama da ɓoyon abinci suna shiga, domin su ke riƙe mai kallo. Sakamakon haka labarin ya koma na laifi da tuba: mutum ya yi wa kansa, likita ya hore shi, wuƙa ta wanke shi.

Mu ƴan Nijar mun san irin wannan kallo ta wata fuska. A lokacin yunwar 2005, tashoshin waje sun cika da hotunan yara masu tamowa a cibiyoyin Maraɗi, an rataye su a ma'auni, ma'aikacin lafiya yana bayani, uwa tana gefe ba a jin muryarta. Can jiki ramamme ne, nan jiki mai nauyi, amma rabon magana ɗaya ne.

4. Abin da shirin bai faɗa ba

Ba mu musanta amfanin fiɗar. Tun 1966 likita Edward Mason ya fara aikin karkatar da hanyar abinci a jihar Ayowa, kuma babban binciken da aka fara a Suwidin a 1987 ya nuna a 2007 cewa waɗanda aka yi wa fiɗa sun fi takwarorinsu da ba a yi wa ba tsira daga mutuwar wuri. Sau da yawa ciwon suga ma yakan lafa. Aikin iri biyu ya fi yawa: ko a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi kamar bututu, ko a ware ƴar ƙaramar jaka daga samansa a haɗa ta da hanji kai tsaye. Amma bayan fiɗa mutum yana bukatar bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da awon jini har iyakar ransa, kuma nauyi yakan iya dawowa. Wannan dogon zama da magani ba ya yin daɗin kallo, saboda haka kaɗan ake gani daga cikinsa.

Game da gasar NBC kuwa, Kevin Hall da abokan aikinsa sun bi mutum 14 daga cikin ƴan gasar 2009, suka buga sakamakon a 2016. A matsakaicin lissafi kowannensu ya zubar da kilo 58 lokacin gasar. Bayan shekara 6, kilo 41 sun dawo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jikinsu yana ƙona wajen kalori 500 a yini ƙasa da abin da ya dace da girmansu. Ma'ana, jiki da kansa yana ja da baya, yana neman maido abin da ya rasa. Wannan kaɗai ya isa ya raunana ra'ayin da aka gina shirin a kansa, cewa rashin ƙwazo ne dukkan matsalar.

5. Matsalar kalma a Hausa

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran mutum mai obésité idan an raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita sau kansa, aka samu 30 ko fiye. Ta kuma ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana cikin wannan hali. To, da wace kalma za mu fassara shi?

Kalmar ƙiba a bakin mafi yawan mutanenmu yabo ce. Idan aka ce amarya "ta yi jiki", ko mai jego "ta murmure", shaida ce ta cewa ana kula da ita. A ƙasar da ta san fari, rama ita ce abin tsoro. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da hangandi, gasar ƙibar mata, kuma Rebecca Popenoe ta bayyana ɗurar ƴan mata a wajen Larabawan Azawak cikin littafinta na 2004. A kasuwannin ƙasar Hausa har ƙwayoyin sa ƙiba ake sayarwa, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe". A ɗaya gefen kuma akwai teɓa da lukuti, waɗanda ba'a ce tsantsa. Kalmar tumbi ma tana da tarko: tana nufin jakar abinci ta cikin ciki, tana kuma nufin cikin da ya turo gaba. Wanda ya karanta "fiɗar rage tumbi" zai iya ɗauka kitsen waje ake yankewa, alhali ba haka ba ne.

Ke nan marubucin littafin karatun manya yana tsakanin ramuka biyu. In ya rubuta "ƙiba cuta ce", mai karatu zai ƙi yarda, kuma yana da hujja, tunda ya ga abin da rama ke yi. In ya ɗauki teɓa, ya shigo da dariyar samarin fada cikin aji, kuma macen da abin ya shafa ba za ta sake zuwa ba.

6. Shawarwari

Na farko, a bar ƙiba da ma'anarta ta asali, a yi amfani da "ciwon ƙiba" ga obésité, bisa ƙirar ciwon suga da ciwon hanta da kowa ya saba da su. Na biyu, a bayyana ciwon da alamomin da mutum ke ji a jikinsa, kamar haki da ciwon gwiwa da hawan jini, kafin a kawo lamba. Na uku, a guji zanen ban dariya na mai ƙaton ciki a littattafai. Na huɗu, a gwada kalmar a azuzuwan Dogon Dutsi da Tibiri da Maraɗi da Damagaram kafin a buga, domin a ji yadda kowane karin harshe zai karɓe ta.

Guntayen waɗannan shirye-shirye sun riga littattafanmu isa ƙauye ta hanyar waya. Idan muka yi jinkiri, su za su koya wa jama'a yadda ake magana a kan mai nauyi. Dattijuwar Ɗan Kassari ta riga ta ba mu kalmar da za mu fara da ita. Saura mu gwada ta.