Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Tarken Fim Ɗin Independence Day: Resurgence

Gabatarwa

A shekarar 1996 darakta Roland Emmerich ya fito da fim ɗin Independence Day, wanda ya ba da labarin yadda wasu baƙin halittu daga sararin samaniya suka kawo wa duniya hari, har suka ragargaza fadar shugaban Amurka. Fim ɗin ya sami karɓuwa ƙwarai, domin ya tara fiye da dala miliyan 800. Bayan shekara 20, wato a 2016, sai ya kawo kashi na biyu mai suna Independence Day: Resurgence, wanda bai kai ko rabin kuɗin na farkon ba. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa faɗuwar ta samo asali ne daga raunin jigo da raunin taurari, da kuma hoton Afirka da aka zana a ciki.

Taƙaitaccen Labari

Fim ɗin ya nuna cewa bayan yaƙin 1996 ƙasashen duniya sun daina faɗa da juna, sun yi amfani da fasahar da baƙin suka bari wajen ƙera makamai, har sun kafa sansani a duniyar wata. Ana shirin bikin cika shekara 20 da nasara sai wani kumbo mai faɗin mil 3,000 ya sauka a kan Tekun Atalantika, ya shiga haƙa domin ya zuƙe narkakkiyar cibiyar ƙasa. Masani David Levinson da tsohon shugaba Whitmore da wasu matasan matuƙa jirage suka gano cewa baƙin suna da sarauniya kamar ƙudan zuma, idan an kashe ta sauran za su watse. A hamadar Nebada aka yi karon ƙarshe, aka kashe ta.

Jigo

Tushen irin wannan labari shi ne littafin H. G. Wells mai suna The War of the Worlds (1898). Wells ya ɗanɗana wa Ingila, wadda a lokacin take mulkin mallaka, irin abin da take yi wa wasu, har ya tunatar da masu karatu yadda Turawa suka hallaka mutanen Tasmaniya. Ke nan asalin jigon shi ne a sa mai ƙarfi ya ji abin da marar ƙarfi yake ji. Fim ɗin 1996 ya riƙe ɗan wannan tsoro, domin ɗan Adam ya wayi gari makamansa ba su da amfani, sai da dabara ya tsira. A fim ɗin 2016 kuwa ɗan Adam ya riga ya mallaki makaman baƙin, saboda haka aka rasa abin da zai tayar wa mai kallo da hankali, aka koma ƙara girman kumbo. An ɗauko dogon benen Burj Khalifa daga Dubai an jefa shi a kan Landan, amma babu wani mutum guda da mai kallo ya sani a ƙarƙashin ɓaraguzan, balle ya tausaya masa.

Jigo na biyu shi ne haɗin kai, bisa hikimar cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sai dai haɗin kan da fim ɗin ya nuna yana buƙatar abokin gaba kafin ya tsaya da ƙafafunsa. A ƙarshe ma an rufe labarin ne da murnar cewa ɗan Adam zai kai yaƙi har gidan baƙin. Wato wanda aka mamaye ya zama mai mamaya, akasin abin da Wells ya yi gargaɗi a kansa. Mai karatu zai iya kwatanta wannan da Tauraruwa Mai Wutsiya (1969) na Umaru Dembo, inda haɗuwar yaro Kilba da baƙon sama ta zama hanyar neman ilimi.

Taurari

Will Smith bai dawo ba, sai aka ce tauraronsa Steven Hiller ya mutu wajen gwajin jirgi. An maye gurbinsa da Liam Hemsworth da Jessie Usher, amma ba a ba su wata damuwa ta zuci da za ta sa a shaƙu da su ba. A fim na farko, mutuwar Russell Casse, mashayin da kowa yake yi wa dariya, ta taɓa zuciya saboda an ga ƙasƙancinsa kafin a ga sadaukarwarsa. Da Whitmore ya maimaita irin wannan sadaukarwa a 2016, sai ta zo kamar kwafi, musamman tunda sarauniyar ba ta mutu da bom ɗin ba.

Hoton Afirka

Wannan shi ne ya fi shafar mu. Fim ɗin ya ce mutanen wata ƙagaggiyar ƙasa a Afirka sun shafe shekara 10 suna yaƙar baƙin a ƙasa, su kaɗai. Wannan labari ne mai nauyi da ya isa fim sukutum, amma an wuce shi da 'yan jumloli. Wakilin nahiyar, Dikembe Umbutu, wanda Deobia Oparei ya fito a matsayinsa, madugun yaƙi ne mai riƙe da adda biyu, alhali sauran duniya tana shawagi a duniyar wata. An ba Amurka masana, an ba Sin ƙwararriyar matuƙiyar jirgi, an bar wa Afirka ƙarfin damtse. Gaskiya ne an nuna shi jarumi mai sanin lagon baƙin, amma yabon da ya tsaya ga jarumtar jiki tsohon zane ne na litattafan mulkin mallaka.

Kammalawa

Ba za a ƙi yaba gwanintar hotunan kwamfuta da ke cikin fim ɗin ba, haka kuma Jeff Goldblum da Brent Spiner sun kawo raha mai daɗi. Amma darasin da ɗalibanmu masu ƙaga labari za su ɗauka shi ne, kashi na biyu yana bukatar sabuwar tambaya da zai yi wa mai kallo, kuma wanda bai rubuta kansa a cikin labarin gobe ba, wasu za su rubuta shi da adda a hannu.